Injin Ɗumin Gidan Hajja

Kuɗin motar da ya kai mu Aljeriya daga jikin tumakina biyu ya fito, da amalanken mijina, baffanku. Ranar da aka ja tumakin zuwa kasuwar Matameye ban bi ba, na zauna a gida ina tankaɗen da ba ni da buƙatarsa, don kada a ga idona. Amalanken wani mutumin Kurni ya saya, har da bijimin. Da la'asar baffanku ya dawo ya zauna a gindin rumbu, rumbun da a shekarar nan ko ɓera ya daina leƙa shi, ya ce, "Ke ki zauna wajen su Sule, ni in je in dawo." Sule ubanku ke nan. Lokacin ke Balki kina goye, ke kuwa Mariya ba a san da zuwanki ba. Na ce, "In zauna gadin wa? Ƴaƴa biyun da Allah ya ba mu ya karɓi abinsa. Tare za mu." Sai ya miƙe ya bar wurin. Haka yake, in ya ga an fi shi gaskiya sai ya tashi ya tafi duba wani abin da bai lalace ba.

Yanzu ga shi kun girma, duk wadda ta ji ƙawarta ta tafi arewa sai ta zo ta zauna mini a tabarma: Inna, yaya can yake? To ku gyara zama. Ba zan ce ku je ba, ba zan ce kada ku je ba. Abin da na gani zan faɗa.

Hanya ba zan daɗe a kanta ba. Damagaram, Agadas, Arlit, daga nan sai rairayi da bayan mota, kowa rungume da bidon ruwansa, wato jarka, da aka ɗinke da buhu. Mun yi wata bakwai a Tamangasat, shi yana dakon siminti, ni ina wankau. Simintin nan ne ya fara cin ƙirjinsa, amma lokacin wa ya sani? Sai wani ɗan Yauri da muke haya gida ɗaya ya ce ana neman mai gadi da matarsa a Gardaya, can gaba sosai. Ya ce, "Gidan da daɗi, amma ku ji da kyau, kada ku yi tari a gaban mai gidan. Wanda ya bar wurin ɗan Mali ne. Tarin kwana uku ya yi, aka fito masa da jakarsa bakin titi." Muka yi dariya. Baffanku ya ce, "To sai mu bar namu tarin a nan, in mun dawo mu ɗauka."

Gardaya gari ne a cikin kwari, gidajen tsohon garin sun hau kan juna kamar jeren ƙwarya, dabino ko'ina. Zafinsu ya fi namu. Sanyinsu kuma ba irin ɗarinmu ba ne da rana ke fitowa ta kora. Nasu a ƙashi yake zama.

Mai gidan kayan gini yake sayarwa, kowa Patron yake ce masa. Matarsa da yaransa suna babban birni saboda makaranta, sai hutu suke zuwa. Wadda ke gidan kullum uwarsa ce, Hajja, tsohuwa ƴar ƙarama kamar a ɗauke ta da hannu ɗaya. Ƙafafunta sun gaji, amma kunnenta da bakinta ba su gaji ba. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke mijinta, shi ya sa ɗan yake gudun tari kamar maciji. Ita ce ta sauya mini suna. Na ce mata Hansatu, ta gwada sau uku, ta ce, "Hafsa," ta juya kai, an gama. Baffanku nasa bai ba su wahala ba, Musa ko'ina Musa ne. Ku daina kallona, a bakinsu na ɗauko shi, ba a nawa ba.

Larabcinsu ba na allo ba ne. Baffanku ya shiga da taƙama ya gaida Hajja da Larabcin littafi, ta dube shi sama da ƙasa ta ce wa ɗanta, "Mai gadi na ce ka kawo ko liman?" Ni kalma biyu na fara kamawa, makash wato babu, da bizzaf wato da yawa. Da su na yi wata uku. Gishiri ya ji? Bizzaf. Kin gaji? Makash, ko da bayana na neman ɓallewa. Amma kafin shekara ta zagayo ina faɗa da mai kayan miya har ya rasa ta cewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a gidan nan ba bene ba ne, ba kuma famfon ruwan zafi ba. Inji ne. Ku kun san kilim, injin sanyaya ɗaki, irin wanda ake maƙalawa a bangon ofis yana ɗigar da ruwa a waje. Wannan ba haka yake ba. Ɗaki guda gare shi a ƙasa, bango ɗaya da namu, akwatin ƙarfe ne da ya fi baffanku tsawo. Daga kansa wani bututu mai faɗi ya fita, ya ratsa ta saman ɗakinmu, ya shige cikin rufin gidan ya rarrabu. Kowane ɗaki da ƴar raga a sama inda iska ke sauka. Da bazara sanyi, da ɗari ɗumi, duk inji ɗaya. Ɗan'uwansa mai babbar fanka yana kan soro. A bangon falo kuma ga wani ɗan abu kamar sabulu, da hoton rana da hoton wani fure wai ƙanƙara ce, shi ake dannawa. Termosta sunansa. Ni tarmasta na riƙa cewa har na baro garin, kuma bai taɓa ƙin amsawa ba.

Ɗakinmu babu raga, wa zai yi wa mai gadi raga? Amma ko'ina an naɗe bututun da wani abu mai ƙyalli, sai wajenmu aka bar shi ƙarfe tsirara. Da zafi yana zufa yana ba mu sanyi. Da ɗari in ka ɗora masa hannu kamar cikin akuya. Baffanku ya ce wannan zakkar da injin ke fitarwa ce.

Alhaji muke ce wa injin, don ɗakinsa shi kaɗai, ba ya gaida kowa, kuma in ya yi fushi gidan duka sai ya sani. Wani dattijon mai gyara ne ya zo sau ɗaya ya nuna wa baffanku yadda ake kula da shi, tunda ya yi lekol har aji shida yana jin Faransanci. Daga ranar nan ya zama malamin inji. Mabuɗin ɗakin a wuyansa yake rataye. In na ce in shiga in share, sai ya ce, "Ɗakin Alhaji ba na mata ba ne." Na ce, "Dama wa ke so? Ku ƙarata kai da shi."

Ni abin da na sani kawai shi ne faɗan taga. Mu a nan in zafi ya yi taga ake buɗewa. Ina shara na buɗe tagogin falo duka, kilim na aiki, sai ga Patron.

"Hafsa! Wa ya buɗe?"

"Ni ce. Ɗakin ya sha iska."

"Iskar da nake saye? Titi nake sanyaya wa?"

"Makash," na ce, don ita ta zo bakina.

"Makash me? Makash hankali!"

Hajja tana kujerarta tana dariya har da share hawaye. Patron mutum ne mai faɗa, amma bai taɓa hana mu abinci ba, wannan zan shaide shi ko a gaban Allah.

Shekararmu ta biyu, zafi ya wuce, sanyi bai kankama ba. A irin wannan tsakanin kashe injin ake yi gaba ɗaya, ya huta sati uku ko huɗu. Wata safiya ina goge daɓen baranda, daidai ƙofar ɗakin Hajja, na ji sanyi yana lasar idon ƙafata. Na duba. Akwai wata babbar raga a jikin bango daga ƙasa, faɗinta kamar faifai huɗu, kullum ina goge ta ban taɓa tambayar aikinta ba. Na kara hannu, na ji ta nan sanyin ke sulalowa. Na ce a raina, dubi mutanen nan, gida har gida, amma sun bar rami a buɗe a ƙofar tsohuwa. Ku kun san mu. Ɗari na shigowa kowace kafa a ɗaki sai ta sha tsumma, taga a rufe ta da buhu, ƙofa a sake mata tabarma. Uwata haka ta yi, uwarta haka ta yi. Na ɗauko wani tsohon bargo da Hajja ta ba ni in yanka na goge-goge, na ɓalle ƴan maƙalan ragar biyu, na ninka bargon huɗu na cusa shi ciki tsaf, na mayar da ragar. Ko alama babu daga waje. Sanyin ya ɗauke. Na tafi ina jin daɗin kaina, ban gaya wa kowa ba, don aikin lada ba a shelarsa.

Bayan kwana goma baffanku ya kwanta. Ban-ruwan dabinon gidan ya yi da sassafe ya jiƙe, kafin azahar jiki ya ɗau zafi, sai tari. Ba tarin mura ba, wanda ke fitowa daga can ƙasa. Na tuna ɗan Mali da jakarsa. Ba mu da takarda, ba mu da kowa a garin, ga sanyi ya fara sauka, kuma a lokacin ana kamen baƙi a titi ana lodawa a mota. Mai lafiya ma in aka zube shi a bakin iyaka da ƙyar yake kai labari, balle wanda ba ya iya tsayuwa. Na ce masa, "Ka yi tarinka a cikin filo." Ƙofar mota ni na riƙa buɗewa. Patron ya ce ina Musa, na ce masallaci. Gobe ya ce ina Musa, na ce ya je sayen burodi. Allah ya yafe mini, a kwana ukun nan na kai baffanku masallaci fiye da yadda ya je a wata guda.

Rana ta huɗu aka tashi da sanyin gaske, ruwan bokiti kamar ya ciji hannu. Patron ya tsayar da mota a ƙofa ya sauke gilashi.

"Ki ce wa Musa ya tada ɗumi yau. Uwata ta tashi tana rawar ɗari. In na dawo da azahar in tarar da ɗakinta da ɗumi, ko in san dalili."

Na koma ɗaki na gaya wa baffanku. Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Sannan ya ciro mabuɗin daga wuyansa ya miƙo mini, bai dube ni ba.

Na ce, "Ashe yau ɗakin Alhaji ya zama na mata."

Ya ce, "Ki bar surutu ki saurara. Kafin ki taɓa komai, akwatin wuta yana bayan ƙofa. Maɓalli na uku, baƙi, ki sauke shi ƙasa. In ba ki kashe wuta ba kada ki sa hannu."

Haka muka yi ta yi, in je in yi ɗaya in dawo ya faɗi na gaba. Na sauke maɓallin. Na zaro filtir, wani faifai ne mai raga kamar rariya da ke tare ƙura, yana cikin aljihu a ƙasan injin. Na wanke shi a famfo, na shanya a rana, ya ce ko ɗigo kada ya rage. Da ya bushe ya ce akwai kibiya a gefensa, bakinta ya dubi cikin injin, in na juya ta baya aikin banza na yi. Na leƙa ciki na ga wasu siraran ƙarafa a jere kamar saƙar zuma, ya ce kada in taɓa, suna lanƙwashewa kuma suna yanka. Na rufe murfin, ya ce sai na ji ya ce ƙas, in bai zauna daidai ba injin ba zai tashi ba. Na zagaya ɗakuna da sanda na tabbatar ƴan ragogin sama duk a buɗe suke. Na mayar da wuta. Ya ce in jira, ba a tada shi da gaggawa bayan ya daɗe a kwance. Na dafa wa Hajja shayi na dawo. Sannan na je falo na danna hoton rana, na ɗaga lambar yadda ya ce, na yi bisimilla.

Injin ya tashi. Amma da wani irin kuka ya tashi, fito-fito kamar buta a kan wuta. Bututun ɗakinmu ya yi ƙara kamar an taka tasa. Na ɗaga hannu ƙarƙashin ragar falo, iskar da ke sauka ba ta kai numfashin jariri ba. Sai wari kamar an manta dutsen guga a kan tufa. Can sai ƙas, shiru.

Baffanku ya ce warin ƙura ce, ranar farko dole a ji shi kaɗan. In dakata ya huce in sake. Na dakata, na sake. Kukan dai shi ne, mutuwar dai ita ce. Rana ta yi sama, an kusa kiran azahar.

Ya ce, "Kada ki yi na uku, za ki ƙona shi." Ya rufe ido, kunnensa a jikin bango. "Wannan ba kukansa ba ne. Ja yake yi, ba ya samun abin ja. Filtir ya bushe?"

"Ƙayau."

"Kibiyar fa?"

"Tana kallon ciki. Na duba sau biyu."

"Babbar ragar da ke ƙofar Hajja, an jingina wani abu a gabanta? Kujera, ko kwali?"

Na yi shiru.

"Ke, da ke nake."

Na ce, "Wai ramin nan da sanyi ke shigowa?"

Ya buɗe ido. "Me kika yi masa?"

"Bargo ne kawai. Ninki huɗu."

Wallahi duk da halin da muke ciki sai da ya yi dariya, dariyar ta koma tari, na danna masa filo a baki yana ture ni. Da ya samu kansa ya ce, "Hancinsa kika toshe. Injin nan ba ya ƙirƙirar iska. Ta cikin gidan yake ja ta ramin nan, ya ɗumama ta, ya mayar ta sama. Ita ɗin ce dai take zagayawa. Kin shaƙe shi, zafi ya taru a cikinsa, ya kashe kansa don kada ya kama da wuta. Ya fi ki hankali."

Na ce, "Da ka bar ni na riƙa shiga ɗakinsa ai da na sani."

Ya ce, "Je ki cire, a yi faɗan daga baya."

Na kashe wuta na ruga. Sai na tarar da Hajja ta sa an ja... a'a, wa zai ja mata, ita da kanta ta lallaɓo da sandarta ta zauna a kujerar baranda saboda ɗan hasken rana, gwiwarta kusan tana taɓa ragar. Ba yadda zan yi. Na durƙusa a gabanta na ɓalle maƙalan, na jawo bargon. Ya fito yana ta fitowa kamar ba zai ƙare ba. Tana kallo.

"Hafsa, mene ne wannan?"

"Bargonki ne, Hajja."

"Na ga bargona ne. Me ya kai shi cikin bango?"

Na gaya mata da guntun Larabcina, da hannu, da komai. Na ce a garinmu haka muke wa tsofaffinmu. Sai kafaɗunta suka fara rawa don dariya. Ta ce a gidan ƙasar da aka haife ta a tsohon gari, da ulun tumaki suke cushe kafofi, ita ma tun da aka gina gidan nan take harar ramin nan, tsoron bakin ɗanta ne ya hana ta. Muka yi dariya tare. Ina cikin dariyar ta kama wuyan hannuna. Hannun nan ba nama, amma da ƙarfi.

"Musa fa?"

"Ya je..."

"Kada ki ce masallaci. Kwana uku ina jin tarinsa ta ragar saman gadona. Ƙarfen nan yana kawo magana. Kin ɗauka kurma ce ni?"

Na ce, "Hajja, ki rufa mana asiri. In aka fitar da shi a sanyin nan ba zai kai ko'ina ba."

Ta ce, "Tashi ki tada injin tukuna. Ina jin sanyi."

Na mayar da wuta, na danna rana. Wannan karon wani irin gurnani ya yi mai taushi, kamar saniya na tuƙa. Na kara gefen mayafina a babbar ragar, ta ja shi ya manne. Na ɗaga hannu sama, iska tana sauka sosai, da fari da sanyi-sanyi, can sai ta fara ɗumi. Na tsaya a tsakiyar falon mutane, hannu a sama, hawaye na zuba.

Patron ya shigo ya tsaya a baranda, ya shaƙi ɗumin, ya ce, "Madalla da Musa."

Hajja ta ce, "Ba Musa ba ne. Musa yana kwance kwana huɗu yana tari. Wannan ce ta tada."

Ni na zaci rufa mana za ta yi, ashe ita ba ta iya rufa-rufa ba. Fuskarsa ta canza. Ya juyo kaina.

"Kwana huɗu kina mini ƙarya a ƙofar gidana?"

"Na yi, Patron."

"Ku haɗa kayanku. Yau."

Hajja ta buga sandarta a ƙasa. "In sun tafi kai za ka zauna ka yi mini wanka?"

"Yamma," haka yake kiranta, wato inna, "kin manta yadda baba ya tafi? Bututun nan ta ɗakinsu ya bi. Duk abin da ya tofar injin zai kwaso ya zuba miki a kan gado. Ki kashe shi, Hafsa, yanzu!"

Ku ji ikon Allah. Da ranar jiya ce ya faɗi haka, da sai dai in sunkuyar da kai in je in ɗaure kaya. Amma abin da aka koya mini awa ɗaya da ta wuce yana nan da zafinsa a kaina. Na ce, "Patron, ba ya kwasar iskar ɗakinmu. Hanci ɗaya gare shi, ga shi nan a gaban Hajja." Na kara mayafina, ragar ta ja ya manne. "Ta nan kawai yake ja. Bututun wucewa ya yi ta wajenmu, babu ƙofa a jikinsa. Ƙara yake kawowa, ba iska ba. Zo ka gani da idonka."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

"Na toshe shi da bargo, ya kusa mutuwa. Ta haka na sani."

Hajja ta ce, "Gaskiya ne, ni ce shaida, kuma bargona ne."

Ya ciro hankici ya rufe hanci, ya bi ni har ƙofar ɗakinmu. Bai shiga ba. Ya bi bututun da ido daga bango zuwa bango, ya sa na ɗauko tsani na shafa masa mahaɗin da jiƙaƙƙen hannu ko zan ji iska. Babu. Sannan ya sauke ido kan baffanku a tabarma. Baffanku ya yi ƙoƙarin zama don ya gaishe shi. Patron ya ɗaga masa hannu, wai ya kwanta.

Ya ce, "Gobe likita. In mai yaɗuwa ne za ku tafi, ko uwata ta karya sandarta a kaina. In ba shi ba ne, ba zai taka cikin gida ba sai ya warke. Ƙofa da inji ke ce. Kin iya?"

Na ce, "Bizzaf."

Shi da kansa ya kai mu a motarsa, tagogi duk a buɗe a sanyin nan. Aka yi hoton ƙirji, aka gwada majina. Likitan ya ce ba mai yaɗuwa ba ne, sanyi ne ya sauka a kan huhun da ƙura ta riga ta gajiyar. Ya ba da magani, ya ce a ajiye shi a ɗumi. A hanyar dawowa Patron ya ɗaga gilashin.

Ɗarin nan, in na ce muku shi ne lokacin da ya fi daɗi a aurenmu za ku ce tsufa ne. Amma haka ne. Na ja wa baffanku tabarma daidai ƙarƙashin bututun. Yana kwance yana sauraro, ni ina ta kai da kawowa, in na shigo sai ya ce, "Muryar Alhaji ta dushe, filtir ya cika." In je in duba, haka ne. Wata rana in ce masa ƙarya yake, jiya na wanke, ya ce to wani ya rufe ragar ɗakin baƙi. In je in tarar haka ne. Shekara ashirin muna tare bai taɓa yi mini hira mai tsawo irin ta watannin nan ba. Ya ba ni labarin yarintarsa a lambun rake, da yadda ya fara ganina a bakin rijiya ina zagin wani yaro, abin da ban taɓa sanin ya gani ba.

Ni da Hajja kuma muka gano wani abu. In muka ajiye kaskon turare a gaban babbar ragar na ɗan lokaci, gidan duka har bene sai ya ɗauki ƙamshi. Ranar Juma'a muke yi. Patron ya shigo ya ce, "Kuna ɓata mini filtir!" Hajja ta ce, "Mai filtir ɗin ba ta yi ƙara ba."

Da zafi ya fara ni na juya injin zuwa sanyi. Na zuba ruwa a tiren da ke ƙasansa na ga ya bi tiyo ya fita, na hau soro na share ganyen dabino daga jikin mai fankar, na danna hoton furen. Baffanku yana zaune a kujera a ƙofar ɗakin yana kallo, bai gyara mini ko ɗaya ba. Da iska mai sanyi ta sauka ya ce, "To, kin sauke karatu. Yanzu ki kai ni gida." Tarin ya tafi, amma numfashin bai dawo ba, taku goma sai ya tsaya. Shi ya san abin da yake ji, ni ma na sani, ba mu faɗa wa juna ba.

Hajja ba ta yi mana ban kwana ba. Ta ce ƙafarta na ciwo, ta juya fuska bango. Sai da na kai ƙofar ɗakin ta ce, "Hafsa, ki gaida mutanen garinku masu toshe ramuka."

Da muka sauka a tashar Matameye mata suka cika gidan nan, ana ta satar kallon kayanmu. Jaka biyu ce, ɗaya ma rabinta magani. Wata ta kasa haƙuri ta ce, "Hansatu, shekara kusan uku a Aljeriya, me kuka kawo?" Baffanku ya yi damina ɗaya a nan. Ya ci tumun sabon gero, ubanku ya riƙa kawo masa rake daga lambu yana fere masa. Bayan girbi ya cika, a ɗakin can da kuke ajiye gyaɗa yanzu, kansa a cinyar ubanku, masallacin unguwa ya cika har waje. Amma ranar nan ban san duk wannan ba tukuna. Na dai nuna mata shi, yana zaune a inuwar bedi yana haki, yara sun kewaye shi. Na ce, "Ga shi can. Shi na kawo."